Ranar da Na Zazzage Jakar Gwaggo

A gidanmu, idan mutum ya kwanta ciwo to bakinsa ma ya kwanta ke nan. Mai jinya ce ke da magana. Ita za ta ce ka ci, ita za ta ce ka sha, ita za ta amsa wa 'yan dubiya cewa jiki da sauƙi, ko da kuwa kai kana jin ranka a maƙogwaro. Haka na taso na gani, kuma ban taɓa ganin aibun tsarin ba sai da ya biyo ta kaina, a daminar da 'yata ta cika shekara biyu.

Ina da ciwon suga tun ina 'yar shekara goma sha uku. Ba irin na manya ba, wanda ake haɗiyar ƙwaya a rage tuwo. Nawa shi ne wanda jiki ya daina yin insulin ɗungurungum, sai dai a ba shi ta allura, safe da yamma, har ranar da za a ɗauki mutum a makara. Kwalabe biyu gare ni. Ɗaya ruwanta fari-fari ne kamar tsinkakken nono, ita ce mai daɗewa a jiki. Ɗayar garau take, ita ce mai saurin aiki. Ina haɗa su da sirinji a wata 'yar roba mai murfi, in tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin gindin randa, domin wanda ya dogara da firji a unguwarmu bai san halin wutarmu ba.

Zazzaɓin ya kama ni ranar Talata. Maigidana malamin gona ne, a lokacin an tura shi Garki, sai Juma'a yake zuwa gida. Da na ga ko goyon yarinyar ba na iyawa, sai na haɗa 'yan kayana na nufi gidanmu a unguwar Limawa, nan cikin Dutse. Na biya ta asibiti aka gwada jini, aka ce na sauro ne, aka ba ni magani. Ban tsorata ba, don na san ƙa'idata ta ranar ciwo a ka: in riƙa gwada suga bayan kowace awa biyu ko uku, in yi ta shan ruwa, in duba fitsari, kuma komai rashin cin abincina kada in kuskura in bar allura. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa ganewa, ban kuma ga laifinsu sosai ba, don ni ma sai da aka yi ta nanata mini kafin ta zauna. Zazzaɓi ɗaga suga yake yi. Ko loma ɗaya ba ta shiga cikinka ba, hanta za ta yi ta zuba nata a jini, jikin kuma ya nemi insulin fiye da ranar da kake lafiya lau.

Mahaifina yana da makarantar allo a ƙofar gida, kowa Malam yake ce masa har mu 'ya'yansa. Ni ce 'yarsa ta fari, ni ce kuma ta fari a wurin Inna, saboda haka a gaban mutane ba ni da uwa ba ni da uba. Inna ba ta kama sunana, ba ta zama kusa da ni, idan za ta ba ni abinci sai ta ajiye a bakin ƙofa ta ce wa iska ga shi nan. Wadda ke da ni ita ce Gwaggo, yayar Malam. Ita ta ɗauke ni daga yaye ta tafi da ni Miga, a ɗakinta na yi wayo, kuma da ba don ciwon nan ya sa an dawo da ni Dutse kusa da asibiti ba, da daga ɗakinta za a kai ni gidan miji. Tana jin na kwanta, Laraba da hantsi sai ga ta ta sauka daga mota, da ƙullin zogale a ka da baƙar jakarta ta hannu a hammata.

Na yi murna da ganinta, ba zan ɓoye ba. Ta taɓa goshina ta hau yi mini tsiya, wai mijina ya bar ni na koma kazar mayu, in ya zo sai ya gaya mata abin da yake yi da albashinsa. Ta karɓe jinya daga hannun Inna ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta gasa mini jiki da ruwan ɗumi, ta matsa mini ƙafafu, ta kori yaran maƙwabta masu leƙe. Ranar na yi barcin da na kwana biyu ban yi ba.

Matsalar ita ce Gwaggo ma tana da suga. Nata na manya ne, ya same ta bayan ta haura hamsin, kuma tana ji da shi ƙwarai. A Miga duk wanda aka ce an gano masa suga wurinta ake turo shi ta karanta masa dokoki. Dokarta ta farko likita ne ya ba ta, kuma a kanta daidai ce: in ba ki ci ba, kada ki sha ƙwayar. Ta taɓa sha da ciki wayam ta yanke jiki ta faɗi a wurin suyar ƙuli-ƙuli, saura kaɗan ta kifa cikin mai. Sannan akwai abin da ta gani da idonta a kaina. Ina 'yar sha huɗu na je mata hutu, na yi allurar safe na tafi ɗebo ruwa ban karya ba, sugana ya faɗi, na zube a bakin rijiya ina karkarwa ina kumfa. Ita ta goyo ni har gida, ƙatuwa da ni, ƙafafuna na jan ƙasa. Tun ranar ba ta ƙara kallon sirinji da idon rahama ba.

Alhamis da safe ta dama mini koko ba suga. Na kurɓa sau uku ya dawo. Na wanke baki na gwada jini, na'urar ta nuna sha bakwai, alhali a ranakun lafiya tsakanin biyar da takwas nake yawo. Na lallaɓa zuwa gindin randa na tura hannu cikin yashi. Ramin robar na nan, robar babu.

Gwaggo na zaune a tabarma tana tsinke zogale, jakarta a kan cinya. Ba ta jira na tambaya ba.

"Tana wurina. Ranar da tuwo ya zauna a cikinki na ba ki."

Na durƙusa a gabanta na yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa, yadda ita da kanta ta koya mini yi wa manya magana. Na ce nata ciwon daban nawa daban, suna ne kawai ya haɗa su. Na ce jikinta yana yin insulin, ƙwayar taimaka masa take yi, nawa kuwa ko ɗigo ba ya yi. Na nuna mata lambar. Ta karɓi na'urar ta nesanta ta da ido ta duba, ta dawo mini da ita, ta tambaye ni daga ina suga zai fito a cikin da ko koko ya ƙi zama. Ta ce ko dai injin ya lalace, ko kuma zazzaɓin ya fara taɓa mini kai, kuma ita ta ɗauke ni a sume sau ɗaya, ba za ta yi na biyu ba. Ta ce in je in kwanta.

Na je na kwanta. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Mace mai 'ya, mai shekara ashirin da bakwai, wadda ta shekara goma sha huɗu tana huda cikinta da hannunta, aka ce ta je ta kwanta ta tafi sum-sum ta kwanta.

Alhamis ba karatu, don haka Malam na gida. Da hantsi ya shigo da ƙwaryar rubutu, ya tsaya daga waje ya tambayi Gwaggo yaya mai jiki. Na tattara ƙarfina na yi abin da ban saba ba, na yi masa magana kai tsaye ta bayan labule. Na ce Malam, a sa baki Gwaggo ta ba ni allurata, in ban yi ba abin zai iya kai ni ga mutuwa. Na san ya sani, don shi ya yi ta kai ni asibiti a bayan babur a shekarun farko, shi likita ya zaunar ya yi wa bayani tiryan-tiryan. Amma a gaban yayarsa yake, kuma maganar 'yar fari ce. Ya yi gyaran murya ya ce Yaya ta fi kowa sanin ciwon tunda tana ɗauke da shi, a bi a hankali, zuwa yamma a gani. Ya ajiye ƙwaryar ya fita. Na shanye rubutun tas, don ban taɓa raina shi ba, ga ƙishirwa kuma ta riga ta fara.

Na'urar gwaji da wayata suna ƙarƙashin matashi, Gwaggo ba ta taɓa su ba. Na kira ma'aikaciyar jinya ta ɗakin masu suga, wadda ta san ni tun ina budurwa. Ta ce in yi allura yanzu-yanzu, in kuma aman bai tsaya ba in taho. Na roƙe ta ta gaya wa Gwaggo da bakinta. Da na miƙa wayar Gwaggo ta kau da kai, ta ce ita ba ta magana da wanda ba ta ganin idonsa, kuma lokacin da take wanke mini kashi ba a san za a haifi wannan yarinyar ba. Na kira maigidana. Yana can cikin wani ƙauye, kafin ya fito titi ya samu mota sai bayan magariba. Ya ce zai taso, kafin nan in ba Gwaggo haƙuri in lallaɓa ta. Na kashe wayar ban yi masa sallama ba. Kemis ɗin unguwa ba ya ajiye irin allurata, a gidana kuma ban bar ko kwalba ɗaya ba, duk abin da nake da shi yana cikin jakar nan.

Kafin azahar na zagaya ya fi sau shida. Bakina ya bushe ƙamas, ina shan ruwa yana wucewa. Na'ura ta nuna ashirin da biyu. Akwai wani ɗan tsinke da ake tsomawa a fitsari, yana nuna dafin da jiki ke tarawa idan ya rasa insulin ya koma cin kitsensa, a asibiti kiton suke ce masa. Da safe tsinken bai canza launi ba sosai. Da azahar ya yi ruwan hoda. Na san hanyar nan, don na taɓa bin ta har ƙarshe a farkon ciwon, lokacin da ba a gane abin da ke damuna ba. Ciwon ciki ne farko, sai amai, sai wani numfashi mai zurfi, sai duhu. A wancan karon kwana uku na yi ban san inda kaina yake ba.

Inna ma ta sani. Ban ga fuskarta ba, amma duk bayan ɗan lokaci sai in ji an dire kofin ruwa a bakin ƙofa, in ji tana ce wa kaji ruwa dai a yi ta sha. Ta goya 'yata ta yi ta kai-kawo a tsakar gida, tana share inda ta riga ta share. Sau ɗaya ta gwada. Daga ɗaki na ji ta tana cewa, "Yaya, ko dai a ba ta abin nan." Gwaggo ta kwashe da dariya ta ce au, yau kuma a kan 'yar fari ake buɗe baki, lallai zamani ya zo. Matar maƙwabcinmu ta shigo aron rariya a lokacin, ita ma ta taya ta dariyar. Inna ta shige madafa.

Na ji haushin Inna, na ji haushin Malam, na fi jin haushin kunyar nan da muke taƙama da ita. Ba na cewa mummunan abu ce, ni ma ga shi ba na kama sunan tawa 'yar a gaban manya. Amma ranar na kwanta ina kallon rufin ɗaki ina tunanin yadda abin zai kasance in na mutu kafin magariba. Kowa a gidan nan zai fita da mutuncinsa. Za a ce Gwaggo ta yi jinya iyakar ƙoƙarinta, Malam ya girmama yayarsa, Inna ta yi kara, marigayiya kuma ta yi biyayya har ƙarshe, kwana ne dai ya ƙare. A yi sadakar uku a watse. 'Yata kuma a miƙa ta ga wata gwaggon.

Bayan la'asar 'yan dubiya suka cika ɗakin. Matan unguwa ne da iyayen ɗaliban Malam, su shida ko bakwai, da ledojin lemo da ayaba. Gwaggo ta karɓe ledojin ta tura bayanta, ta ce mai suga ba ta shan wannan. Wato ta hana ni suga, ta kuma hana ni maganin suga. Suna yi mini sannu tana amsa musu da sauƙi, zazzaɓi ne kawai da taurin kai. Ta ba su labarin yadda na so in caka wa kaina allura da ciki wayam ta hana, suka yi ta sa mata albarka. Wata ta ce ai allurar nan ita ke ƙara cinye mutum. Wata ta kawo labarin wani sassaƙe da ƙanin mijinta ya sha ya rabu da suga har abada. Duk wanda ke da irin ciwona ya san ƙanin mijin nan, kowace unguwa akwai shi, ba a dai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Na tashi na dafa bango na sake zagayawa. Tsinken ya fito da duhu kamar zoɓon da ba a sirka ba. A tsugune a wurin na ji numfashina ya canza, yana fitowa daga can ƙasa ba da izinina ba. Na dawo na tsaya a bakin ƙofa, ban koma shimfiɗa ba.

"Gwaggo, ki ba ni robata."

Ta ce in wuce in kwanta, ko ban ga baƙi ba.

"Na gan su. Ki ba ni robata."

Wata dattijuwa ta ce haba 'yar nan, Gwaggon taki ce fa. Gwaggo ta ɗora hannu biyu a kan jakar, ta ce in na isa in zo in ɗauka. Na san abin da ya sa ta faɗi haka. Ta tabbata ba zan iya ba, don ta san irin tarbiyyar da ta yi mini.

Na tsallake ƙafafun mata biyu na kama hannun jakar. Ta riƙe, na ja. Ni ba ƙarfi gare ni ranar ba, ita ma tsufa ya fara cin nata, muka yi ta ja-in-ja har hannun ya tsinke, na yi baya na zauna daɓas da jakar a ƙirjina. Ban tsaya laluba ba, sai na kifa ta a kan tabarma na zazzage. Komai ya watse a gaban mutane: goronta a jiƙaƙƙen ƙyalle, carbi, tandun kwalli, ƙwayoyinta na suga, ɗan madubi, da wani tsohon hotona ina 'yar firamare wanda ban san tana yawo da shi ba. Robata ta gangara ta tsaya a ƙafar dattijuwar nan. Na ɗauka na ji ta yi ɗumi.

Da ina da ƙarfin zuwa wani ɗaki da na je, amma ƙafafuna sun gama nasu aikin. A nan inda na zauna na buɗe murfin, na ja adadin da aka rubuta mini a kati don irin wannan rana, na ɗaga rigata na tsuke fatar cikina na soka. Wasu suka kau da kai, wasu suka yi salati a hankali. Na ƙirga zuwa goma na zare.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta zauna tana kallon kayanta a warwatse, sannan ta fara tsince su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta sunkuya za ta taya ta, ta ture hannunta. Da ta yi magana ba da ni ta yi ba, da matan ta yi.

"Kun dai gani. Da bayana na goya ta."

"Na sani, Gwaggo. Shi ya sa ba zan bari a ce a hannunki na mutu ba."

Allura ɗaya ba ta gyara abin da yini guda ya ɓata, na san sai an kwantar da ni. Na ce a nemo mini adaidaita. Ba wanda ya motsa, kowa na kallon Gwaggo. Sai na ji hijabi ya faɗo mini a kafaɗa daga baya. Inna ce, 'yata a goye, ta riga ta yafa mayafinta. Ba ta kalle ni ba, ba ta kalli Gwaggo ba, ta ce wa ƙofa mai adaidaita na waje. Ashe tun da ta ji muryata ta ɗaga ta fita titi da kanta ta tare shi. Ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni. A zaure muka wuce Malam a kan buzunsa. Ya miƙe ya biyo mu, ya zauna a gefen direba.

Kwana uku na yi a gadon asibiti, ƙarin ruwa a hannu ɗaya, insulin a ɗayan. Likitan da ya karɓe ni ya tambayi abin da ya sa na bar allura, ni da na fi kowa sanin illar hakan. Na ce mantawa na yi. Ya yi mini faɗa son ransa na shanye, don abin gida ne, kuma ba zan kai ƙarar Gwaggo wurin sa'an ɗanta ba. Gwaggo ba ta zo duba ni ba. Washegarin ranar da aka kwantar da ni ta hau motar Miga, ta bar zogalenta a tsinke a faranti.

Kafin a sallame ni labari ya gama unguwa. Na zama wadda ta yi kokawa da gwaggonta a gaban baƙi, ta kuma buɗe ciki a bainar jama'a. Masu zagina ba su dame ni ba. Waɗanda suka fi ɓata mini rai su ne masu ba ni uzuri, masu cewa a ƙyale ta, zafin ciwo ne, ba a hayyacinta take ba. Ban taɓa zama cikin hayyacina kamar ranar ba. Da na warware Malam ya kira maigidana zaure ya ba shi saƙo: in je Miga in ba da haƙuri, in kuma ce ban san na yi ba, zazzaɓi ne ya juya mini kai. In na faɗi haka Yaya za ta samu abin gaya wa mutane, magana ta mutu, kowa ya huta.

Na yi sati biyu ina juya saƙon. Hanya ce mai sauƙi, kuma Malam don ya rufa mana asiri ya kawo ta. Amma sauro bai ƙare a Jigawa ba, zan sake kwanciya, in ba bana ba baɗi. In na ce ban san na yi ba, na yarda ke nan cewa ita ce da gaskiya, kuma ranar da na sake yin amai wata mai sona za ta sake ɗauke robar da zuciya ɗaya. Wataƙila ranar ba ni da ƙarfin miƙewa.

Muka tafi Miga wata Asabar, gero ya fara fitar da kai. Mun isa da yamma, muka same ta a tsakar gida tana murza ƙuli-ƙuli, tukunyar tuwo na kan wuta. Ta amsa gaisuwar maigidana da fara'a, ta karɓi 'yata ta ɗora a cinya tana yi mata wasa, ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba. Maigidana ya fita ƙofar gida wurin maza. Na cire takalmi na durƙusa a gabanta. Na ce na zo ba da haƙuri. Na ɗaga mata murya a gaban baƙi, na ja da ita, na tsinka mata jaka, na tona mata kaya a idon mutane. Duk na yi, kuma ban kyauta ba, ta yafe mini don Allah. Kuka ya zo mini na gaske, don ina son matar nan fiye da yadda zan iya faɗa, kuma na ga yadda ta rame a 'yan makonnin nan.

Ta sauke yarinyar, ta tashi ta kwashe tuwo, ta dawo ta zauna, ina nan a durƙushe. Sannan ta buɗe mini ƙofar da kowa ya ce in bi.

"An ce mini ba a hayyacinki kike ba. Zafin ciwo ne."

Muryarta ta yi laushi, ba tambaya take ba, roƙo take. Kalma ɗaya take nema a bakina ta rungume ni.

"A hayyacina nake, Gwaggo."

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da na shigo.

"To in kin sake kwanciya na sake ɗaukewa fa?"

"Sai in sake ƙwacewa, in sake zuwa in durƙusa."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban janye ba. Ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta da ƙarfin da ya fi na ɗazu, ni kuma ina wurin har ƙafafuna suka mutu. Rana ta yi ƙasa, lokacin allurar yamma ya yi. Ban nemi izinin tashi ba, na jawo jakata na fito da robar na ajiye a gabana. Ta kalli robar, ta kalle ni, ta yi tsaki. Ta miƙa hannu ta turo mini kwanon tuwon har ya taɓa gwiwata, ta ce in ci tukuna.

Na ce allura tukuna. Ta kau da kai wajen bango, na yi abata, sannan na jawo kwanon.